Sarewar Gidan Rawar Tannura

Da hantsi aka kawo wa Sufeto Midhat rahoto cewa wata sarewar azurfa ta ɓace daga wani gidan rawar tannura a unguwar Gamaliyya ta birnin Alƙahira. Kafin ya shanye shayinsa har an garƙame mutum a bayan kanta. Rageb ne, babban mai juyi na gidan, wanda ke ɗaura buje mai launuka ya yi ta katantanwa har jiri ya kama 'yan kallo.

"Wa ya ce kai ne?" Sufeto ya tambaye shi.

"Lutfi, manajanmu. Wai ni kaɗai na rage a zauren bayan wasan la'asar jiya. Haka ne, yallaɓai, kaya nake canzawa. Amma sarewar nan gadon wanda ya kafa gidan ce. Idan sunan ɓarawonta ya manne min, babu gidan rawa a Alƙahira da zai ƙara buɗe min ƙofa."

Sufeto ya tafi gidan. Kabad ɗin sarewar yana kusurwar zauren, ba a taɓa sa masa kwaɗo ba. Lutfi ya tare shi da fara'a, yana jan carbi.

"Da hannuna na mayar da ita ana tsakiyar wasa, da mai busa ya gama," in ji shi. "Daga nan kuma sai Allah sai Rageb."

Suna cikin haka wata budurwa ta shigo rungume da kwamfuta. Sundus ce, ƙanwar Rageb, mai ɗaukar wa gidan hoto.

"Yallaɓai, a zaure mai duhu nakan bar idon kyamara a buɗe na ɗan lokaci. Duk abin da ya motsa sai ya ja zaren haske. Fitilar kyamarar kuma ta haska sau ɗaya, ta tsayar da shi cak. Duba hoton wasan jiya."

A tsakiyar hoton ga Rageb yana juyi, ya ɗaga bandiri sama. A can kusurwa ga Lutfi tar, sarewa a hannunsa, wani farin zare ya haɗa ta da cikin kabad.

Lutfi ya yi dariya. "Ai shaidata ta kawo. A kyamara fitila ce ke fara haskawa, sannan zare ya biyo baya. Ga ni riƙe da ita, ga hanyar da ta bi ta shiga kabad."

"Tawa a ƙarshe take haskawa, Kawu Lutfi. Ni na saita ta haka, don zaren ya zauna a bayan mai rawa."

"Ƙanwarsa ce fa, yallaɓai. Ko cewa ta yi kyamarar tana dafa wake, za ta rantse."

Sufeto ya jawo kujera ya zauna, ya daɗe yana kallon hoton. Bai san kan kyamara ba, kuma maganar 'yar'uwa ba za ta fitar da mutum daga bayan kanta ba. Can ya ɗago.

"Malam Lutfi, wane gefe masu tannura suke juyawa?"

"Hagu mana, gefen zuciya."

"Ko sau ɗaya ba a yin dama?"

"Wanda ya yi dama a gidan nan, ranar zai tattara kayansa."

"Madalla. Matso ka ga bandirin Rageb. Hagu yake tafiya, kai ka faɗa. Ina zarensa yake?"

Lutfi ya sunkuya. Carbin ya tsaya a hannunsa.

"Yana damansa," in ji Sufeto a hankali, "inda ya baro. Ke nan zare ne farko, fitila ƙarshe. Hasken da ya tsayar da bandirin kuwa shi ya tsayar da kai. Sarewar daga kabad ta fito, a hannunka ta ƙare. Tana ina?"

Lutfi ya waiga wajen ƙofar ofishinsa.

"Tana ofishina, cikin naɗaɗɗiyar darduma," Lutfi ya ce da ƙyar. "Wani dillalin kayan tarihi ne ya dame ni. Na ɗauka idona kawai ke kan kabad, kowa yana kallon mai juyi."

"Kowa yana kallonsa, shi ya sa ka zaɓe shi."

Sufeto ya sa aka ɗauko sarewar, ya buga waya ofishin 'yan sanda a saki Rageb a kawo shi. Makaɗa da masu juyi sun fara taruwa don gwajin rana, suna leƙe daga bakin ƙofa. Kofur ɗin da ya rako shi ya ciro ankwa, Sufeto ya ɗaga masa hannu.

"Dakata. A gaban mutanen nan ya kira Rageb ɓarawo."

Da Rageb ya iso, Sufeto ya tsayar da Lutfi a tsakiyar zauren.

"Maimaita abin da ka gaya min. Ɗaga murya, na baya ba sa ji."

Lutfi ya maimaita, kansa a ƙasa. Aka sa masa ankwa aka fita da shi. Wani tsohon makaɗi ya je ya ciro bujen Rageb daga inda aka wurgar da shi, ya kakkaɓe ƙura, ya miƙa masa.

"Je ka shirya, ɗana. Kai muke jira."