Muryar Kawu Tukur

Ku matso. Ke Ummita, rage fitilar nan. Yauwa.

Kun ga Kawu Tukur da kuke wa dariya don yana magana da hannu? Da can babu mai surutunsa a gidan nan.

Bayan rasuwar matarsa ne ya samu gadin eriyar waya a dajin bayan Falgore. Shi kaɗai, sai janareta. Mai kawo man dizal ma daga cikin mota yake ɗaga masa hannu, ya juya. Barci ya ƙaurace masa. Abinci ya daina shiga. Har ƙadangaru yake gaidawa.

Wata magariba yana dafa shayi, sai ya ji sallama daga bayan shinge. Kowa ya san ba a amsa sallamar daji sai an ga mai ita. Shi ma ya sani. Amma ya daɗe rabon da a yi masa sallama.

Ya amsa.

Baƙon ya zauna inda haske bai kai ba. Muryarsa siririya, kamar an hura bakin kwalba.

"Ba ni labari."

Kawu ya ba shi. Washegari baƙon ya dawo. Kullum muryar baƙo na ƙara kauri, ta Kawu na dusashewa.

Mu nan ba mu sani ba. Inna Uwani, yayarsa, takan kira shi a waya ran Juma'a, ya ɗauka, murya garau.

"Lafiya lau nake, Yaya. Kada kowa ya wahalar da kansa ya zo."

Wallahi daɗi muka ji. Hanyar da nisa.

Sai ranar da ta ce, "Kai Tukur, me kake ci a can?"

Muryar ta yi dariya. "Ni ba na ci, Yaya. Shi ma ya kusa dainawa."

Inna ko mayafi ba ta ɗauka ba, ta samu ɗan rakiya suka kama hanya. Suka tarar da shi jingine da bango, fata da ƙashi. Wayarsa na gefe a mace, har gara ta yi gini a kanta. Ya buɗe baki zai ce Yaya. Iska ce kawai ta fito.

Likita ya ce hawan jini ne, da yunwa, da zaman kaɗaici. Inna ba ta musa ba.

Lambar wayar tasa har yau tana shiga. Kai Sagir, ajiye wayar nan!

Duk ranar da naku ya ce kada ku zo, ku sa takalmi ku tafi. Kuma ku tafi ku biyu.