Hoton da Waya ta Wanke

Ranar kasuwar Dogon Dutsi ce Mubarika ta fara ganin Rufa'i, zaune a wata rumfar kwano, ya buɗe cikin wata waya yana leƙawa kamar mai tsince shinkafa. Daga Kore Mairuwa ta zo da man gyaɗarta da ƙuli-ƙuli, ta sayar tas, ta ce yau kam ba ta komawa gida sai da waya mai shafawa, ko da ta talaka ce.

Ita kuwa Mubarika tambaya ce cutarta tun tana ƙarama. A lakwal, makarantar boko, malamai har gudun ɗaga hannunta suke yi.

Rufa'i ya ɗago kai, ya gan ta, ya manta da abin da ke hannunsa. Da ƙyar ya tattara hankalinsa ya miƙa mata wata 'yar waya baƙa.

"Wagga ta dace da ke. Amma bari in gaya maki halinta, kada gobe ki zage ni."

"Yau ga mai saida kaya shina faɗin aibin kayanshi."

"Haka nike. Batirinta na kwana biyu. Layi biyu take ɗauka, kuma tana kama rezo, a kira ki ko cikin gona kike. Amma cikinta ƙarami na, in kinka cika ta da bidiyo sai ta yi ta tunani kamar tsoho kafin ta buɗe. Kuma ba ta son rana."

"Don mi ba ta son rana?"

Ya yi mata bayani. Ta tambayi inda muryar mutum ke ɓoyewa a cikin waya, ya yi bayani. Ta tambayi abin da ya sa allon ke jin yatsa amma ba ya jin tsinke. Mutum biyu suka gaji da jira suka tafi, bai ma san sun tafi ba. Da za ta wuce ya sa mata lambarsa, wai ko wayar za ta lalace.

Wayar ba ta lalace ba, amma washegari ya ga saƙo.

"Likitan waya, ina kwana. Don mi take ɗumi in ina sharji?"

"Lahiya lau, Sarkin Tambaya. Ci take yi, mai ci kuwa dole ya yi zufa. Ki aje ta a inuwa. Ni ma ina da tambaya guda, amma tawa sai na zo da kaina."

Ya kuwa zo a kan babur, ya gaida mahaifinta Malam Hakimu a durƙushe. Tun daga nan hanyar Kore Mairuwa ta san tayarsa. Mubarika ta kamu da sonsa sosai, ba ta kuma ɓoye wa kanta ba. Abin da ya fi tafiya da ita shi ne bai taɓa gajiya da amsa ba, in kuma bai sani ba sai ya ce bai sani ba.

Ranar Babbar Sallah ya roƙe ta hoto, ya ce zai je Sukukutane ya nuna wa mahaifiyarsa, Inna Shatu. Mubarika ta yi ɗaurinta, ta tsaya gindin darbejiya ta ɗauki kanta. Ta ga ta yi kyau fiye da kullum, ta ji daɗi, ta aika.

Kwana uku shiru. A na huɗu ya kira, muryarsa a sanyaye.

"Sarkin Tambaya, Inna ta ƙiya."

"Mi na yi mata?"

"Ta ce mai shafe-shafe ce ke. Wai fatarki ta kwalba ce, ba ta Allah ba. Na rantse mata baƙa ce ke tun ran da na fara ganinki, ta ce ita idonta ya gani, ba ta haɗa jikokinta da macen da ta raina halittarta."

Mubarika ta kashe wayar ba sallama. Ita da ko man gyaɗar da take tatsa da hannunta sai da sanyi take shafawa. Baƙinta irin na mahaifiyarta ne, mai sheƙi, kuma tana son abinta. Maganar ta yi mata zafi ƙwarai, ta shiga ɗaki ta yi kukanta.

Da labari ya kai kunnen Malam Hakimu bai ja magana ba.

"Yaron kirki na, na sani. Amma ba ni kai ɗiyata gidan da uwar miji ba ta so. Mutanen Saminu sun zo sau biyu. Na ce masu su dawo in an kai gero rumbu."

Saminu ɗan ci-rani ne da ya dawo daga Kwatano da wata waya mai idanu uku a baya, yana riƙe da ita ko alwala zai yi. Ba mugu ba ne. Sai dai ran da Mubarika ta tambaye shi amfanin ido na uku, dariya ya yi, ya ce mace ba ta bukatar sanin wannan. Gero kuwa ya riga ya fara nuna a gona.

Rufa'i ya aiko saƙo sau biyar a yini ɗaya, ta ƙi buɗewa. Amma fushi bai kashe mata tambaya ba. Ta ɗauko hoton, ta ɗauko madubi, ta jera su. Yarinyar cikin waya ta fi ta haske nesa ba kusa ba, leɓenta ja, ɗan tabon da ke goshinta ma babu shi. Ta ɗauki hoton tukunyar miya, ta fito baƙa yadda take. Ta ɗauki akuya, ita ma haka. Ta ɗauki tafin hannunta da bayansa, ba abin da ya sauya. To me ya sa sai fuska?

Kakarta na zaune tana ɓarar gyaɗa. Mubarika ta ce, "Kaka, dubo nan."

Mubarika ta ɗauke ta hoto, da ta duba allon sai da ta zauna a ƙasa. Tsohuwar ta koma fes kamar amarya, tsagar Arawan da ta ratsa kumatunta tun daga baki har kunne ta dushe, sai ka ƙura ido za ka ga alamarta. Mubarika ta bi duk wani maɓalli na kyamarar tana neman inda ake kashe abin, ba ta samu ba. Wayar da ta ga fuskar mutum sai ta wanke ta, ko an sa ta ko ba a sa ta ba.

Ta rubuta wa Rufa'i:

"Likita, akwai aibi guda da ba ka gaya min ba. Ka ɗauki irin wayata a shago ka tafi Sukukutane. Kada ka yi gardama da Inna, ka ɗauke ta hoto kawai, ka miƙa mata."

Amsa ta zo nan take.

"Na gwada yanzu a fuskata. Wallahi ban sani ba, ni cikin waya nike kallo, ban taɓa ɗaukar kaina ba. Hotonki kuwa na zaci so na ya sa nike ganinki haka. Ki yafe min, hasken idona. Gobe da safe ina kan hanya."

Washegari da la'asar saƙonsa ya shigo.

"Inna ta duba, ta shafa kumatunta, ta sake dubawa. Ta ce, ina tsagata, wa ya ba abin ga izinin taɓa tsagar ubana? Na tambaye ta maganarmu, ta ce in tashi in ba ta wuri."

Mako guda ya wuce, ba e ba a'a. An fara yankan gero, amalanken jakuna suna ta shigowa gari da dammuna. Mubarika ta rame, ko tambayoyin nan nata ta daina.

Ranar kasuwar Kore Mairuwa tana zaune bayan kwalaben manta sai ga wata dattijuwa, zanenta duk ƙurar rairayi, alamar doguwar tafiya a kabu-kabu. Ta ɗauki ƙuli ɗaya ta gutsura, amma ba ƙulin take kallo ba.

"Miƙo hannunki, ɗiyata."

Mubarika ta miƙa. Matar ta juya shi, ta duba gaɓoɓin yatsu, ta murza wuyan hannun da babban yatsanta, ta ɗago ta kalli fuskar a tsanake. Sai a lokacin Mubarika ta lura da goshin da girar, irin na Rufa'i sak. Kunya ta rufe ta, ta ja mayafi ta durƙusa.

"Inna, sannu da hanya."

"Tashi. Ni ya kamata in sunkuyar da kai. Na faɗi magana a kanki ban san ki ba, na gaskata ƙarfe na ƙaryata ɗan da na haifa. Shekarata sittin ban taɓa yi wa ɗiyar wani ƙazafi ba sai a kanki. Ki gafarta min."

Hawaye suka zubo wa Mubarika. "Ba komi, Inna. Ni ma da na ga hoton daɗi na ji, ban tsaya na duba ko ni ce ba."

Inna Shatu ta yi murmushi. "An ce min kin cika tambaya. To yau ni ke da ita. Ina ne gidanku?"

Mubarika ta bar kwalaben a hannun maƙwabciyarta, ta shiga gaba, tsohuwar na biye da ita har ɗakin mahaifiyarta. Bayan kwana uku kawunnan Rufa'i suka zo da goro, Malam Hakimu ya karɓa da hannu biyu, ya aika wa mutanen Saminu da ban haƙuri.

An ɗaura aure bayan an gama kai gero rumbu. Da aka kai amarya gaida uwar miji, Inna Shatu ta ɗaga mayafin da kanta, ta daɗe tana kallon fuskar.

"Yadda Allah ya yi ki, haka nike son ki a gidan ga," in ji ta. "Allah shi ba ku zaman lahiya, shi ba ku 'ya'ya masu albarka, su ɗauko baƙin uwarsu."

Mata suka amsa da amin, aka rangaɗa guɗa. Rufa'i na tsaye a bakin ƙofa da abokansa, kansa a ƙasa, murmushi ya ƙi barin fuskarsa.