Kwalba Ta Arba'in Da Ɗaya

"Kalma ɗaya nake roƙon ki, Mai makulli. E ko a'a."

Dogo ya tokare ƙofar ɗakin magani da kafaɗarsa, idanunsa sun kaɗa jajir. Saura wata biyu aurensu, amma yau ba hira ta kawo shi ba.

"Ka san ba zan iya ba…"

"Ba za ki iya ba, ko ba ki so?"

Ta damƙe ɗan makullin da ke rataye a wuyanta. Saboda makullin nan ya raɗa mata suna, lokacin da yake tsokanar ta cewa ko ranar aure da shi za ta fito. Yau kuwa kallon makullin yake kamar shi ya hana shi numfashi.

Asibitin na gwajin wani sabon magani ne ga masu ciwon sukari da zuciyarsu ta fara gazawa. Mutum ɗari biyu suka sa hannu da yardarsu. Rabi ana ba su maganin gaske, rabi ƙwayar da ba komai a cikinta, kala ɗaya, girma ɗaya, kowa kuma yana ci gaba da shan tsoffin magungunansa. Marar lafiya bai san wanne ya samu ba, nas ba ta sani ba, Farfesa da ke jagorantar aikin shi ma bai sani ba. Da zarar an sani, son zuciya zai shiga sakamakon, wahalar shekara biyu ta tashi a banza. Mai haɗa magani kaɗai ta sani, wato Mai makulli, ita ke kulle jerin lambobin a akwatin ƙarfe.

Ummansa ce lamba arba'in da ɗaya. Wajen kawo ta awo ya fara ganin Mai makulli ta tagar karɓar magani, ya dinga mantuwar ƙarya yana dawowa neman katin da ke aljihunsa.

"Wata huɗu Umma na shan ƙwayar nan," ya ce. "Ƙafafunta kumbura suke, matakala uku ta gagare ta. Tsohon telan nan mai lamba arba'in da bakwai rana ɗaya suka fara, ɗazu na gan shi yana sauri kamar saurayi. Ba sai an faɗa min ba, shi ne ya samu na gaske."

"Telan ya bar shan zaƙi, yana tafiya kullum da safe. Ba a gane magani da ido, masoyina."

"To ki faɗa min da baki."

Tun da maganar aurensu ta taso ta je ta sanar da Farfesa, ya dube ta ya ce ya yarda da ita. Mutum ɗari biyu ma sun yarda da ita ba tare da sun san fuskarta ba.

"Abu ɗaya zan iya ce maka," ta ce a hankali, tana kallon tsakiyar idonsa. "Ka bar Umma ta sha abin da na ba ta."

Ya yi wata dariya marar daɗi.

"Ashe haka zuciyarki take."

Ya juya ya tafi, ko ƙofa bai ja ba.

Kafin mako ya zagayo maganar ta cika dangi, kowa da irin gishirin da ya ƙara. Yayarsa ta kira ta a waya ba ko gaisuwa.

"Ke yanzu uwar mijin da za ki aura ce kike wa rowar magani? Takarda ta fi ran mutum?"

Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a san mai hura wutar. Sista ce, 'yar gwaggonsa, nas ɗin da ke karɓar kwalabe daga taga ta miƙa wa marasa lafiya. Tun suna yara take ganin Dogo nata ne, sai ga wata mai gilashi da farar riga ta zo ta ɗauke shi tsakanin awo da awo. Sista ba ta taɓa yi mata rashin kunya ba, ta fi ƙarfin haka. Murmushi take mata har kunne, ta koma gida ta ce, "Ni da makullin nan a hannuna yake, ai da Umma ta warke."

Umma kaɗai ce ba ta shiga ba. Ranar awonta ta leƙo ta taga tana haki, ta kama yatsun Mai makulli.

"'Yata, kar ki kula su. Da idona biyu na sa hannu, an karanta min komai. Kar ki ci amanar mutane saboda ni."

Sau biyu bayan nan Dogo ya sake tambayar ta, sau biyu ta maimaita masa jimlar nan, har da hawaye. Daga nan ya daina tambaya. Ya koma fara'a, ya dawo da tsokana, ita kuma baiwar Allah ta ɗauka ya fahimta ne.

Mako shida bayan haka, wata safiya, zuciyar Umma ta tsaya.

Mai makulli ta yi kuka kamar Umma ce ta haife ta, a gidan da ba mai amsa gaisuwarta. Kwana uku da rasuwar aka dawo da ragowar maganin, don dokar aikin ce kowace kwalba ta koma inda ta fito. Ta zauna ta juye ƙwayoyin a faranti, ta duba takardar da ke manne a jiki: arba'in da ɗaya. Sai ta kifa kwalbar yadda ta saba. A gindin kowace kwalba akwai wata 'yar lamba da aka buga a jikin robar, ba mai duba ta sai mai haɗa magani.

Ba lambar Umma ba ce. Ta tela ce.

Ta kai farce gefen takardar, ta ɗago ba wuya. An ɓare ta an sake mannawa.

Ta zame ƙasa a jikin firjin magani. Tun ranar farko Umma na kan maganin gaske. Tela ne ke shan ƙwayar banza. Wani ya yi musanyar kwalaben, ya zare maganin daga bakin Umma da hannunsa, yana ganin gata ya yi mata.

Ta wanke fuska ta hau ofishin Farfesa da kwalbar. Kafin azahar Sista ta amsa laifinta, kafin la'asar an karɓe katin aikinta. Farfesa ya cire tabarau ya murza ido.

"Za a rubuta rahoto, za a kira tela a duba shi. Amma abin da ke cikin kwalaben ba zai fita daga bakinki ba sai an rufe bincike. In kin faɗi na ɗaya, kin faɗi na ɗayan."

Da yamma Dogo ya tare ta a wajen ajiye motoci.

"Kin kashe min uwa, bai ishe ki ba sai kin raba 'yar'uwata da aikinta?"

"Ka san da musanyar?"

"Ni na roƙe ta!" ya ce yana dukan ƙirji. "Ita ta ji tausayina. Da tun farko aka ba Umma na telan, da tana raye. An makara ne, kuma ke kika jawo."

Maganar na kan harshenta. Kalma biyar za su wanke ta tas, su dawo mata da aurenta, su kuma rusa shi a tsaye a wurin. Ta cije leɓe har ta ji gishirin jini.

"Allah ya jiƙan Umma," kawai ta ce.

Washegari kawunsa ya zo gidan su Mai makulli ya ce an fasa auren. Mamarta ta same ta a ɗaki tana ninke kayan da aka ɗinka.

"Ke wace irin yarinya ce? In kina da abin faɗa ki faɗa mana. Duk unguwa ana nuna ni da baki."

"Ba nawa ba ne, Mama. Ajiya aka ba ni."

Wata goma sha ɗaya ta yi tana shiga aiki tana fita. Ta rame, ta daina dariya, ta koyi wucewa ta gaban masu ƙus-ƙus ba tare da ta waiwaya ba. Ta ji labarin an sa ranarsa da Sista, ta ce Allah ya sanya alheri, ta shiga banɗaki ta kunna famfo don kar a ji ta. Son shi bai fita ba, kuma wannan ya fi komai ba ta haushi.

Da aka rufe bincike, aka aika wa kowane gida wasiƙa don a faɗa musu abin da nasu ya sha. Ranar Talata da hantsi ta ɗago kai daga rubutu, sai ga Dogo a taga. Rigarsa ta yi masa yawa, wasiƙar na hannunsa.

"An ce… an ce Umma na kan na gaske. Har ranar da…"



"E."

"Kin sani. Duk lokacin nan kin sani."

"Na sani."

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Sau uku na faɗa maka, Dogo. Na ce ka bar ta ta sha abin da na ba ta. Iyakar abin da bakina zai iya ke nan, kuma na sa duk raina a ciki."

Ya kifa goshi a ƙarfen tagar, kafaɗunsa na jijjiga.

"Ni na kashe ta."

"Ban ce ba. Ba wanda zai iya rantsuwa maganin zai tsayar da ita, zuciyarta ta riga ta gaji. Ko Farfesa ba zai ce maka haka ba." Ta faɗa ne don gaskiya ce, kuma don Umma ba za ta so a bar shi da wannan kayan ba.

Ya ɗago da jajayen idanu.

"Rabin raina… saura mako biyu aurena da Sista, amma wallahi yau zan fasa. Ki yafe min. Mu koma yadda muke."

Ta dube shi. Fuskar nan ce dai, wadda take mantuwar kati don ta gan ta. Ta lalubi zuciyarta, ta tarar son yana nan, amma ya yi tsami.

"Na yafe maka tun ranar da na kifa kwalbar nan."

"To…"

"Amma ba da ni ka yarda ba. Wasiƙa ka yarda da ita." Ta nuna takardar da ke hannunsa. "Da an rubuta cewa ƙwayar banza Umma ta sha, da yau ma ni ce na kashe ta, ko ba haka ba? Alhali abin da na yi ɗaya ne."

Ya buɗe baki. Ta jira, Allah ya sani ta jira, ko zai ce a'a.

Ya mayar da idonsa kan wasiƙar.

"Ka je ka auri wadda ta ji tausayinka," ta ce.

Bayansa wata tsohuwa ta gyara tsayuwa da katinta a hannu, ta gaji da jira. Mai makulli ta share ido da bakin hannun riga, ta mayar da makullin cikin wuyan rigarta.

"Ɗan matsa, Malam. Mama, kawo katinki."