Kokon Ranar Tashin Alhazai

Da hantsi aka kira Insfekta Gausu, wai wata mota ta faɗa kwata a bakin unguwar Ayigya Zango. Mai motar Abdulmumini ne, matuƙin jirgin da zai kwashi alhazai zuwa Jidda a ranar. An same shi kwance kan sitiyari cikin yunifom, yana barci kamar matacce.

Nan take zango ya yanke hukunci, wai kamfani ne ya kashe shi da aiki. Su kuwa hukumar jiragen sama suka ce in ta tabbata ya fito aiki bai cika hutun da doka ta ɗora masa ba, kuma ya ɓoye, to lasisinsa ya tafi ke nan.

Gausu dai bai cika son hukuncin bakin titi ba. A asibiti matar Abdulmumini ta rantse mijinta ya huta har ya gaji da hutu. Likita ya ce gajiya ba ta barin maganin barci a jini, wannan kuwa jininsa cike yake da shi.

Abin da ya shiga cikinsa ranar koko ne kawai. Mamuna mai koko ta ce Brimah ne ya saya musu kofi biyu, abokin Abdulmumini tun makarantar allo, shi ma matuƙi a kamfanin.

"Ya saba saya masa?"

"Brimah? Ofisa, ko ƙosai ɗaya bai taɓa saya masa ba. Jiya ma har alkawarin zamzam ya yi mini."

A kamfani manaja ya ce Brimah ɗan jiran ko-ta-kwana ne, sai wani ya kasa ake kiransa. Ya ƙara da cewa jiya an ba shi jirgin zuwa garin Tamale ya ƙi, ya ce gajiya, doka kuma ta hana a tilasta wa wanda ya faɗi haka. Gausu ya tambaya, da ya je Tamalen fa? Manaja ya ce da awoyin aikinsa sun cika, ba zai taɓa jirgin Jidda ba.

A ɗakin matuƙa Gausu ya sami Brimah, jaka a shirye, shi aka ba jirgin Jidda.

"Jiya ka gaji, yau ka warke?"

"Na huta, ranka ya daɗe."

"Wa ya gaya maka tun jiya za ka ga rijiyar zamzam?"

Brimah ya ce wasa yake da tsohuwa mai koko. Gausu ya ce mai kemis na unguwar Suame, wanda ya sayar masa da maganin barci, shi ma ya tuna fuskarsa. Ƙarya ce, bai je Suame ba, amma ta yi aiki.

Brimah ya cire hula ya zauna. Ya ce nufinsa Abdulmumini ya yi barci a gida kawai, bai san zai ja mota ba. Shi ya riga shi fara tuƙi, amma duk zango Abdulmumini ake kira Kyaftin.

"Babana yana cikin alhazan nan. Tun Azumi yake yawo masallaci-masallaci, wai Abdulmumini ɗan Lariya ne zai kai shi Makka. Ni aka haifa a gidansa, Insfekta."

Gausu ya sa masa ankwa. Hanyar fita ta bi ta gaban alhazai. Wani tsoho ya miƙe da sandarsa, ya dubi hannuwan ɗansa, sannan ya juya ga Insfekta.

"Yaya jikin Abdulmumini?"