Matuƙin da Ya Ƙi Cewa a Hau

A wani zamani, a wata ƙasa, an yi wani matuƙi mai gwajin sababbin jiragen sama. In maƙera sun gama ƙera jirgi, shi ke fara tashi da shi, shi kaɗai. Sai ya sauko ya ce, "Ku hau da 'ya'yanku," sannan a fara ɗaukar mutane.

Wata rana ya gwada wani sabon jirgi, ya sauko bai ce a hau ba. Shugaban maƙera ya ce, "Malam, jama'a na jira."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, fiffiken hagu yana rawa."

"An fa yanka shanu, baƙi sun cika gari."

"Fiffiken hagu yana rawa."

"Hannunka dai ke rawa, tsoho. Tsoro ne."

Ku ji rashin kunya, yara. Mutumin da ya yi furfura yana kai ransa sama domin jama'a, shi suka kira matsoraci, suka kore shi da ihu.

Da zai tafi ya ce, "Ga jirgi nan, ƙofa a buɗe take."

Duk masu ihun nan, har shugaban, babu wanda ya taka matakalar. Jirgin yana nan inda ya bar shi, kaji na ƙwai a ciki.