Bel Arba'in na Isagani

Ranar da Isagani ya fara shiga shagon Mang Terio a garin Taal na ƙasar Filifin, bel ɗin sanfefa biyu na injin wasa wuƙa kawai ya zo saya. Mawashin wuƙa ne, baƙar ƙurar ƙarfe har cikin girarsa. Dalisay, 'yar mai shagon, tana bayan tebur tana zana kibiya a bayan kowane bel, don a san ta inda zai juya a inji.

"Mai kaushi ko mai laushi?" ta tambaya, ba ta ɗago ba.

"Mai kaushi. Lamba talatin da shida."

Ta ɗago, suka haɗa ido. Shi ke nan. Ni ina gefe ina yanka sanfefa. Shekara ashirin da biyu ina shagon nan, na ga irin kallon har na gaji da shi.

Bel biyu kan kai mawashi mako guda. Shi kullum sai ya dawo.

"Wai miya ake yi da shi a gidanku?" in ji Dalisay.

Daga nan sai saƙon waya. "Gimbiyar gam, yau na wasa wuƙa sittin, hannuna ya mutu. Da na tuna ki sai na ƙara goma."

Ta mayar masa: "Mai ƙura, ina sonka, amma je ka yi wanka tukuna."

Da maganar ta kai kunnen Mang Terio, ya ce sam. "Mawashi? Ƙanena mawashi ne, tari ya kai shi kabari yana ɗan arba'in da ɗaya. Ga Renato nan yana neman ki, shi bel ɗinsa daga waje suke zuwa a kwali, a waya yake sayarwa, huhunsa fes."

"Tatay, Renato ko gaban bel da bayansa bai sani ba," in ji Dalisay. Tatay muke ce wa uba a wajenmu.

A wajenmu saurayi kan yi wa gidan budurwa hidima kafin a saurare shi. Isagani ya riƙa zuwa kowace Lahadi bayan coci. Aikin ba wani abin burgewa ba ne. Sanfefa kan zo a naɗe kamar ganga, mu yanka ta tsiri-tsiri, mu yanke baki biyun a karkace, mu kankare yashin wurin, mu shafa gam, mu danne da ƙarfe mai zafi. Mang Terio ya nuna masa sau ɗaya, ya tura masa aikin bel arba'in, ya tafi abinsa.

Muka sayar da su, ranar Laraba bel ɗin nasa suka fara tsinkewa a kan injinan mutane. Ɗaya ya tsinke ya zabga wa Mang Dencio, tsohon kwastomanmu, a kumatu, sai da aka yi masa ɗinki huɗu. Renato ya zo ya jingina da tebur yana cewa, "Ai na faɗa muku."

Dalisay ta rubuta: "Na tsaya maka a gaban Tatay, kai kuma ka yi mana aikin ganganci. Kada ka kira ni."

Ya amsa: "Na rantse ban taɓa kula da aiki kamar wannan ba, masoyiyata."



Kwana biyu Isagani yana bin shagunan mawasa a babur, yana karɓo sauran, yana ba da haƙuri. Ya zo ya zube su a gaban Mang Terio. Tsohon ya ɓare mahaɗar guda ɗaya, ya shafa ta da babban yatsa. Sumul, har sheƙi take.

"Me ka yi wa bakin nan?"

"Bayan na kankare na ga ya yi kaushi, Mang Terio. Sai na bi shi da sanfefa mai laushi, lamba ɗari huɗu, har ya yi santsi."

"Duka arba'in ɗin?"

"Duka. Baki tamanin."

Gam ba ya kama santsi, kaushin nan shi yake riƙewa. Amma mawashi ba ya iya ganin kaushi ya ƙyale shi.

Mang Terio ya zauna, ya murza idonsa ya daɗe. "Baki tamanin. Kai sakarai ne, amma ba malalaci ba. Ka sake su duka. Kowanne kai za ka ɗora a inji, ka tsaya da fuskarka a gabansa."

Lahadi uku ya yi yana tsaye a gaban injin nan, ko ɗaya bai tsinke ba. A ta ukun Dalisay ta ajiye masa kofi a gefe, tana kallon ƙasa.

"Ka yafe mini, mai ƙura."

"Ya wuce, gimbiyata. Sukari nawa kika sa?"

Mang Terio ya yi gyaran murya daga ciki. "Ka turo iyayenka. Amma na gan ka kana wasa wuƙa ba takunkumi, na ɗauke 'yata ko da goyo take."

A watan Janairu aka ɗaura aure a coci. Mang Dencio ya zo da tabonsa, ya ci faranti uku. Ango ya kama hannun surukinsa ya kai goshi kamar yadda muke girmama manya, tsohon ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana," ya juya yana fyace hanci wai mura ce.

Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu jin magana. Ranar Litinin bayan biki sabuwar sanfefa ta iso, muka sauke ta mu uku, ni da Mang Terio da ango.