Lefen Larai Ya Maƙale a Falo

Ranar Asabar ce, ana ta yayyafi tun safe. Akwatunan lefe na jere a falon Malam Audu a Tudun Wada, matarsa Hajiya ta zauna daram a kan babban cikinsu.

"Lefen nan ba inda za shi!" ta ce wa ɗansu Jamilu. "Yarinyar da ta kai kanta asibiti da ƙafarta, aka tono mata ciwo a jini?"

"Haba Umma! Larai lafiyarta ƙalau. Sankarar mama ce ta kashe mahaifiyarta da yayarta, shi ya sa ta je gwaji. Rizal ɗin gwajin cewa ya yi ta gaji haɗarin, ba ciwon ba. Cekof kawai za ta riƙa zuwa a duba ta, ko wani abu ya taso a tare shi da wuri."

"Ji min yaro! Wa ya aike ta? Kuma ta buɗe baki ta faɗa maka, ko kunya babu!"

Idon Jamilu ya kawo ruwa. "Cewa ta yi ba za ta shigo gidanmu da rufa-rufa ba. Duk maganganun da kika aika mata ba ta ce uffan ba, kullum sai ta ce in gaishe ki."

Malam Audu ya yi tsaki, ya kashe rediyo.

"Hajiya, ƙanwarki marigayiya, me ya kashe ta?"

"Jifa aka yi mata."

"Gwaggonki fa?"

"Ita ma... jifa ne."

"Duk a ƙirji? Lallai maƙiyan naku sun iya saiti! Aka yi ta hayaƙi da shafe-shafe, sai da wurin ya fashe sannan aka tuna da likita. Da na bi asalinku yadda kike bin na yarinyar nan, da ban aure ki ba. Kuma ga 'yarki budurwa can a ɗaki, ita ba ki tuna da ita ba?"

Hajiya ta fashe da kuka, ta sauka daga kan akwatin.

Haka abin yake. Wadda ta san abin da ke jininta ta faɗa, ba abar gudu ba ce. Ɓoyewar ce ke kisa. Larai ta yi gaskiya, ta yi haƙuri, ta samu mijinta.

Washegari da safe Malam Audu ya tari Keke Napep biyu. Ya loda akwatunan da mata masu kai lefe a ɗaya, ya ce Unguwar Mu'azu, gidan su Larai. Ya shiga ɗayan da Hajiya da 'yarsu, ya ce wa direba, "Asibiti."